Sabon ginin filin jirgin Kano ya yi kyau, saura jiragen

A majalisarmu ta bayan la'asar wani ya miƙo waya ya ce mu kalli wani ɗan gajeren bidiyo. Matashi ne, da alama fitarsa ta farko ke nan, ya shiga sabon ginin jiragen ƙasashen waje na filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ya ɗaga waya yana juya ta sama da ƙasa. Ya nuna gilasai, ya nuna fitilu, ya nuna daɓen da ke ƙyalli har mutum na hango inuwarsa a ciki, sannan ya ce: "Jama'a ku gane wa idonku, wallahi Kano ta zama Dubai."

Nan take majalisa ta rabu gida biyu. Wasu sai sa albarka suke yi, suna cewa Allah ya kawo mu zamanin da za mu daina jin kunyar baƙi. Wani dattijo kuma ya kaɗa kai ya ce: "Ku dai yara ba ku san komai ba. Bashin China ne aka jibga mana, talaka ko a jikinsa. Da asibiti aka gyara da kuɗin da ya fi."

Aka yi ta ja har aka kira magariba, amma ba wanda ya tambayi jirage nawa ne ke sauka a wurin a yini, daga ina suke zuwa, kuma me suke ɗauka idan za su koma. Masu yabo da masu kushe duk bango suke kallo, kuma abin da ya dame ni ke nan.

Ra'ayina shi ne ginin ya dace da Kano, kuma kuɗin da aka kashe ba asara ba ne. Sai dai ba zan ce aiki ya kammala ba har sai jirage sun dawo garin nan, kaya na fita kamar yadda suke shigowa, kuma an kula da wurin da mutanen da ke bi ta cikinsa. Kafin nan, abin da muke da shi rabin aiki ne da cikakken bashi.

Abin da ido ke fara gani

Ni ma na shiga, kuma raina ya yi fari. Duk wanda ya san tsohon ginin ya san an yi shi ne don fasinjojin wani zamani, mutane suka zo suka yi masa yawa. A sabon kuwa kana sa ƙafa za ka ji fili. Rufi ya yi sama, haske na shigowa ta ko'ina, ga teburan awon kaya a jere, ga matakala mai tafiya da kanta, ga gadar da aka yi don mutum ya shige jirgi ba sai ya taka kwalta cikin rana ba.

Na ga wani Alhaji, irin 'yan kasuwar nan da suka daɗe suna bin hanyar Jidda da Dubai, ya tsaya ya dafa jakarsa yana kallon sama. Ya juya ya ce wa ɗansa: "Kai, ashe da rabon za mu ga wannan a garin nan." Wannan farin cikin na gaske ne, kada kowa ya raina shi. Mutumin da ya yi shekaru yana ganin filayen jirgin wasu ƙasashe, ya dawo gida yana sunkuyar da kai, yana da haƙƙin ya yi murna.

Amma da ido ya gama zagayensa sai kunne ya karɓa. Idan jirgi guda ya kwashi mutanensa ya tashi, sai wurin ya yi tsit. Teburan awo su zama ba kowa, ma'aikata su koma jiran na gaba. Wanda ya taɓa yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ya san can sanarwa ba ta yankewa, wannan na sauka wancan na tashi, har tsakar dare. A nan kuwa ginin ya fi zirga-zirgar da ke cikinsa girma nesa ba kusa ba.

Wannan shirun ya fi ciwo a Kano fiye da kowane gari, domin a nan harkar ta faro. A watan Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar, suka ratso Sudan, suka sauka a Kano, kuma daga wannan tafiyar ake fara lissafin tarihin jirgin sama a Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Turai masu zuwa Kongo da Afirka ta Kudu sai sun tsaya shan mai idan suka ƙetaro Sahara, kuma Kano ce mashayarsu. Kamfanonin jiragen Turai irin su KLM, BOAC, Sabena, duk nan suke sauka. Akwai tsofaffin hotuna na mai kakaki a kan raƙumi a filin jirgin, yana busa sanar da isowar jirgi.

Daga baya aka ƙera jirage masu dogon zango da ba sa buƙatar tsayawa. Gwamnati ta koma Abuja a 1991, manyan matafiya suka bi ta. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, Turawa da Larabawan da ke zuwa dominsu suka ragu. Kamfanin jirgin sama na ƙasa, Nigeria Airways, ya mutu a 2003. KLM, wanda ya shafe sama da shekara 60 yana sauka a Kano, ya tattara nasa ya nasa a 2012. A duk waɗannan dalilan babu inda aka ce rashin kyan gini ne ya kori jirage. To ta yaya za mu zaci kyan gini shi kaɗai zai dawo da su?

"Talaka me ya haɗa shi da filin jirgi?"

Maganar dattijon majalisarmu ita ce mafi nauyi, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Mutumin da ya wayi gari yana neman na cefane ba gilashi ne a gabansa ba.

Amma a tsaya a dubi su waye ke tashi daga Kano. Manyan jami'an gwamnati galibi ta Abuja suke fita. Wanda za ka gani a layi a nan shi ne ɗan Kantin Kwari mai zuwa Guangzhou ko Dubai sarin yadi da leshi, da ɗan Farm Centre mai neman wayoyi da kayan gyaransu. Akwai matar da ta yi shekaru tana zubin adashi har ta haɗa kuɗin umara. Akwai marar lafiyar da dangi suka yi masa karo-karo za a kai shi Alƙahira ko Indiya, da ɗalibin da zai koma Azhar ko Madina. Lokacin aikin hajji kuma ga manomin da ya sayar da shanunsa ya biya kujera. Nijeriya ta samu kujeru 95,000 a 2023 da kuma 2024, kuma kowa ya san mafi yawan maniyyata daga arewa suke, ban da masu tafiya ta jirgin yawo.

Ba 'yan Nijeriya kaɗai ba ne ma. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa Kano kuwa bai kai 300 ba. Haka Maraɗi, Kano ta fi mata babban birnin ƙasarta kusa. Ɗan kasuwar can idan zai fita waje, hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce ya kwana a Fagge ya tashi daga nan.

Idan babu jirgi daga Kano, duk waɗannan mutane sai sun gangara Abuja ko Legas. Ga kuɗin wani tikitin, ga na masauki, ga kilon da jirgin cikin gida ke yarda da shi bai kai na jirgin waje ba, sai an biya ƙari. Wanda ba shi da hali ya bi mota ta Kaduna da zullumin hanya a ransa. Ɗan kasuwa ba daga aljihunsa yake cike wannan giɓin ba, a kan kowane yadi yake ɗora shi, kuma talakan da zai yi wa 'ya'yansa ɗinkin salla shi ke biya a ƙarshe. Sannan ga ɗan dako, ga mai adaidaita, ga ɗan canjin Wapa, ga mai sayar da abinci a bakin masauki. Cinikinsu yana hawa ne yana sauka tare da yawan baƙin da ke shigowa gari.

Saboda haka talaka yana da rabo a filin jirgi, amma rabon nasa a cikin jiragen yake. Idan gini ya tsaya fayau babu zirga-zirga, to dattijon ya yi gaskiya, abin da ya rage wa talaka shi ne kasonsa na bashi.

"To ku gode mana"

Akwai masu cewa mun cika ƙorafi, an yi mana abin da ba a taɓa yi ba, maimakon godiya sai tsegumi. Godiya ga Allah wajibi ce, kuma duk wanda ya yi aiki ya cancanci a yaba masa. Amma wannan ba kyauta ba ce aka ba mu.

A 2013, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, gwamnatin tarayya ta ci bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na China, ta ƙara dala miliyan 100 daga aljihunta, aka ba kamfanin gine-gine na China, CCECC, aikin gina sababbin tashoshin jiragen waje a Abuja da Legas da Fatakwal da Kano. Shugaba Buhari ya buɗe ta Fatakwal a Oktoban 2018, ta Abuja a Disamban shekarar, ta Legas sai Maris ɗin 2022. Ta Kano ma sai bayan annobar korona aka fara shiga cikinta. Bashin nan daga dukiyar ƙasa ake biyansa. Ban da haka, tun 2020 duk fasinjan da zai fita wajen Afirka ta Yamma ana cire masa dala 100 a cikin tikitinsa a matsayin kuɗin hidimar filin jirgi. Wanda ya biya kuɗinsa idan ya yi tambaya ba butulci ya yi ba.

Kuma 'yan uwan wannan ginin sun riga sun nuna mana cewa ƙyalli yana iya rufe babban kuskure. Na Abuja an dasa shi ne a inda ya tare wa hasumiyar masu kula da tashi da saukar jirage da ofishin 'yan kwana-kwana ganin wani sashe na filin. Na Legas kuwa an gama shi sannan aka tarar filin da jirage za su tsaya a gabansa ya yi wa manyan jirage kaɗan. Haka manyan kamfanoni suka ci gaba da zama a tsohon gini sama da shekara guda, sai a 2023 ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo ya ba su umarnin su koma. Ranar da aka yanke ƙyallen buɗewa babu hoton da ya nuna wa jama'a wannan. Duk hotunan gilashi ne da fitila, irin dai na matashin nan.

Abubuwan da ke sauke jirgi lafiya yawanci waya ba ta ɗaukarsu: ingancin titin saukar, fitilunsa, motocin kashe gobara, da na'urar da ke jagorantar matuƙi idan ido ba ya gani. Mu da muke zaune a garin da hazo ke rufewa daga Disamba zuwa Fabrairu mun fi kowa sanin darajar wannan na'ura. A Fabrairun 2020 jiragen waje da dama da suka nufo Legas sai Accra aka karkatar da su, saboda hazo ya sauka a lokacin da na'urar can ba ta gama daidaituwa ba. A 2025 gwamnati ta amince da kashe sama da naira biliyan 700 don sake gina tsohuwar tashar Legas da gyara kewayenta. Ba na baƙin ciki da wannan, can ne fasinja ya fi yawa. Amma ya kamata wakilanmu su riƙa tambayar me aka tanadar wa Kano a ɓangaren da ido ba ya gani.

"Kamfanin jirgi riba yake bi"

Wannan gaskiya ce. Babu kamfanin da zai kawo jirgi gari don tausayi, kuma babu ministan da zai ɗaure shi ya kawo. Sai dai masu wannan magana suna mantawa da cewa hannun gwamnati yana cikin kasuwar dumu-dumu.

A Maris ɗin 2020 aka rufe filayen jirgi saboda korona. Ranar 5 ga Satumba aka buɗe Legas da Abuja ga jiragen waje. Kano sai Afrilun 2021. Wata bakwai cur 'yan kasuwar garin nan da masu neman magani suna gangarawa kudu, kamfanoni kuma suna ganin ai ko ba su zo Kano ba Kanawa za su same su inda suke. Wannan ba kasuwa ce ta yanke ba, a ofis aka yanke. Haka nan yarjejeniyar da ake ƙullawa tsakanin ƙasa da ƙasa ita ke faɗin garuruwan da jirgin waje zai sauka da sau nawa a mako, kuma gwamnati ce ke sa mata hannu. Sannan a 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala sun haura dala miliyan 800. Kamfanin da ya shiga irin wannan matsi idan zai rage zirga-zirga ba daga Legas zai fara ba.

Kasuwa kuwa akwai ta. Jiragen Habasha da na Masar da na Saudiyya sun daɗe suna cin abinci a Kano, kuma a Maris ɗin 2022 Qatar Airways ya shigo. Waɗannan ba sadaka suka zo yi ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne kaya. Jirgi ba da kujeru kaɗai yake cin riba ba, har da cikinsa na ƙasa. Namu jiragen suna zuwa maƙil da kayan China da Dubai da Turkiyya, amma me muke loda musu idan za su koma? Garin da ya shahara da jima tun kafin zuwan Turawa, garin da ke da kilishi da barkono da kayan lambun Kura da Kadawa, garin da ke da kasuwar Dawanau, bai kamata a rasa abin da zai tura waje ba. Kaya masu nauyi irin su riɗi da zoɓo hanyarsu ta ruwa ce, kuma don su aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a 2023, inda ake tattara kaya a tura su tashar jiragen ruwa. Amma abin da ke saurin lalacewa ko mai tsada jirgin sama yake so, kuma shi yana buƙatar ɗakin sanyi a filin jirgi da ɗakin gwaji da ƙasashen waje suka yarda da takardarsa. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Irin wannan ƙofa ba gilashi ke buɗe ta ba, sai gwaji da tsabta da amana.

A nan nauyin ba na Abuja kaɗai ba ne. Gwamnatin jiha da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano da attajiran garin nan duk suna da nasu. Wa ya taɓa tara alƙaluman 'yan kasuwarmu da ke fita ta Legas da Abuja ya kai wa wani kamfanin jirgi ya ce ga kasuwarku tana jira? Kuma manyanmu da ke kukan an mai da Kano saniyar ware, su nawa ne ke tashi daga nan idan za su fita?

Wa aka gina wa?

Akwai abin da na gani a gindin matakalar nan mai tafiya da kanta da har yanzu ban manta ba. Wata tsohuwa ce mai zuwa umara, fasfonta cikin 'yar jaka rataye a wuya, carbi a hannu. Ta zo bakin matakalar ta tsaya cik. Ta ɗaga ƙafa ta mayar, ta sake ɗagawa ta mayar, mutane na raɓa ta suna wucewa. Sai wata budurwa cikin fasinjoji ta dawo da baya ta kama hannunta ta ce: "Hajiya, riƙe ni nan. Idan na ce taka, sai ki sa ƙafar dama." Suka hau tare, tsohuwar ta runtse ido tana salati har suka kai sama. Tana sauka ta ce: "Allah ya yi miki albarka 'yar nan, ya ba ki masu yi miki."

Yarinyar ta kyauta. Amma irin wannan taimakon bai kamata ya dogara da sa'ar haɗuwa da mai kirki ba. A garin da dubban matafiyansa tsofaffi ne 'yan ƙauye masu fitar farko, tsayawa kusa da su aiki ne da ya kamata a ɗauki mutum a biya shi dominsa, kamar yadda ake biyan mai duba tikiti.

Tsarin gine-ginen nan huɗu kusan iri ɗaya ne, irin wanda za ka iya gani a kowace ƙasa. Matafiyinmu kuwa yana da nasa hali. Ba shi kaɗai yake zuwa ba, mota guda ake cikawa a rako shi, haka ranar dawowa ake zuwa tarya tun da sassafe, mata da yara da tsofaffi. A filayen jirgin ƙasar nan galibi waje ake barin waɗannan mutane, kuma dalilin tsaro ne, na yarda. To amma wajen ya kamata a ce akwai rumfa da benci da ruwa da bayan gida. Matafiyinmu yana salla biyar, yana buƙatar wurin alwala na zaune da aka yi don alwala, ba ya ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu ba. Yana buƙatar ya ji sanarwa da Hausa. Kayansa ma ba akwati mai taya ba ne, Gana-mas-go ce da kwali da jarkar zamzam, shi ya sa da Ethiopian Airlines ya daina karɓar Gana-mas-go a ƙarshen 2023 saboda tana lalata bel ɗin kaya, abin ya taɓa mutanenmu sosai.

Duk alhajin da ya sauka a Jidda ya san tashar alhazai da aka buɗe a 1981, mai rufi kamar tantuna 210 a jere. Waɗanda suka zana ta sun fara ne da tambayar wane ne zai zauna a ƙarƙashinta: mutum mai harami, ya gaji, zai yi awoyi yana jira, yana son inuwa da iska da wurin kishingiɗa da wurin salla. Ba a makara ba a yi wa tamu irin wannan tambayar, kuma yawancin gyaran ba mai tsada ba ne.

Sai kuma abin da ya fi zubar mana da mutunci. A wani filin jirgi na ƙasar nan, ba zan kama suna ba, na tsaya bayan wani bawan Allah a layi. Jami'i ya karɓi fasfonsa, ya buɗe, ya rufe, ya riƙe bai miƙa ba, yana murmushi yana cewa: "Alhaji, me ka zo mana da shi? A ba mu na goro mana." Mutumin nan daga jinya yake dawowa, ko tsayuwa da ƙyar yake yi. Ya lalubo abin da ya rage a aljihunsa ya bayar don kawai ya wuce. Tun a Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar da ta haramta roƙo da karɓar na goro a filayen jirgi. Dokar na nan a rubuce. Baƙon da aka riƙe wa fasfo ana roƙonsa ba zai koma gida yana ba da labarin rufi da fitila ba, labarin wannan jami'in zai bayar.

Bayan an gama biki

Sabon gini kamar ɗakin amarya yake ranar jere: komai na sheƙi, kowa na shigowa kallo, amma sai an shekara ake gane ko mai ɗakin mai tsabta ce. Tarihinmu a wannan fannin ba abin alfahari ba ne. A 2017 sai da aka rufe filin jirgin Abuja gaba ɗaya na mako shida, aka mai da jirage Kaduna, saboda an bar titin sauka ya wuce wa'adinsa da shekaru har ya farfashe. Yawancin kamfanonin waje suka ƙi zuwa Kaduna, suka dakata har aka gama. Na Enugu an rufe shi a 2019 kan matsala irin wannan, ya shekara a rufe. Matakala mai tafiya da kanta, lif, na'urar sanyaya wuri, bel ɗin kaya, gadar shiga jirgi, duk injuna ne masu buƙatar wuta tsayayya da kayan gyara da makaniken da ya san su. Ranar da ɗaya ya tsaya aka jingina masa kwali aka wuce, daga ranar lalacewa ta fara.

Na san za a ce ai mu ne masu ɓata kaya, mu ke zubar da shara, mu ke karya famfo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma mutanen nan dai su ne idan suka sauka a Doha ko Madina za ka ga sun bi layi, sun nemi kwandon shara. Ba halinsu ne ya sauya a cikin jirgi ba. Can sun tarar da wuri mai tsabta da mai shara a tsaye, kuma famfon da ya lalace da safe kafin azahar an gyara shi.

Wasu na ganin mafita ita ce a miƙa wa 'yan kasuwa. An ma gwada. A Mayun 2023, ana saura kwanaki gwamnatin Buhari ta sauka, majalisar zartarwa ta amince a jinginar da filin jirgin Kano na shekara 30 ga wani rukunin kamfanoni ƙarƙashin Corporación América Airports, da kuɗin kafin alƙalami dala miliyan 1.5. Majalisar dattawa ta yi tir da yarjejeniyar, sabuwar gwamnati ta dakatar da ita. A maƙwabta kuwa, Nijar ta ba kamfanin Summa na Turkiyya ya gina sabuwar tasha a filin jirgin Diori Hamani na Yamai da kuɗinsa, aka buɗe ta a 2019, shi kuma ya riƙe ta shekara 30 yana mai da kuɗinsa. Can kamfani ne ya zuba jari ya gina. A nan mu muka ci bashi muka gina, sannan aka tashi miƙawa.

Ni ba na adawa da jingina don tana jingina. Idan aka dawo da maganar, abin da nake so sanatocin Kano uku da 'yan majalisar wakilanmu su tsaya a kai shi ne a buga yarjejeniyar kowa ya karanta kafin a sa hannu, kuma a rubuta a ciki sababbin hanyoyi nawa mai karɓa zai kawo cikin shekara biyar, yaushe zai gina ɗakin sanyi da na gwajin kaya, kwana nawa aka yarda inji ya yi a lalace, da abin da zai biyo baya idan ya saɓa. Ko ma ba a jinginar ba, su nemi hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, FAAN, ta riƙa fitar da alƙaluman Kano duk bayan wata uku: jiragen waje nawa suka sauka, fasinja nawa, tan nawa na kaya ya shigo, tan nawa ya fita.